Ka sayi na'urar gem da kuɗinka, amma wa ke riƙe da makullinta?

Mai karatu, in ka leƙa gidajen gem na Samaru, ko shagunan masu gyara a Sabon Gari, za ka iya tarar da wasu PlayStation ɗin da ke wurin an taɓa su. An buɗe manhajarsu, an loda wasanni a ciki, ba sai an sayi faifai ba. A wurin kamfanonin da ke ƙera su wannan laifi ne, kuma hukuncin nasu yana ƙara tsanani.

A Nuwamban 2009 Microsoft ya toshe ɗimbin Xbox 360 da aka sauya daga shiga dandalinsa na intanet. A Janairun 2011 Sony ya maka George Hotz a kotu a Amurka saboda ya fasa tsaron PS3. A 2025 kuma Nintendo ya gyara yarjejeniyarsa da masu saye a Amurka, ya ce yana da damar mayar da na'urar da aka taɓa mara amfani har abada. Hukumar kare masu saye ta jihar Sawo Fawulo a Birazil, Procon-SP, ta ƙalubalanci wannan sharaɗi.

Ta yaya suke ganewa? Kowace na'ura tana da shaidarta ta musamman tun daga masana'anta. Da ka hau intanet, kwamfutocin kamfanin za su duba shaidar. In an sa ta a baƙin littafi, shi ke nan, ko ka goge komai ka buɗe sabon asusu, ƙofa a rufe take.

To, mu yi adalci. Kwafar wasa ba biya cin gumin wasu ne, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta hana karya irin wannan tsaro. Dandalin kamfani gidansa ne, yana iya korar mai maguɗi.

Inda na saɓa da su shi ne hukunta akwatin maimakon mutumin. Mu nan yawanci na hannu muke saye. Wani a Ingila ya yi laifi, aka toshe, ya sayar, na'urar ta biyo kwantena ta iso Zariya. Ɗalibin da ya yi wata shida yana tari ya saya, sai ya je gida ya tarar ba ta hawa intanet. Laifin wani, ya hau kan wani. Kuma ina zai kai ƙara?

Sannan ba duk mai buɗe na'ura ne ɓarawo ba. Akwai mai gyara, akwai mai koyon rubuta manhaja. Shi kansa Sony ya sayar da PS3 da damar sa Linux, a 2010 ya janye ta bayan mutane sun biya. Wanda ya sayar maka da babur ba ya dawowa ya cire fulogi don ka canza salansa.

A ganina, a rufe asusun mai laifi, a bar na'ura ta yi aikinta, a kuma samar da hanyar ɗaukaka ƙara ga wanda ya saya da rasit. Ya kamata hukumar FCCPC, mai kare masu saye a Najeriya, ta duba waɗannan yarjejeniyoyi da muke dannawa ba karatu.

Kafin nan, in za ka sayi ta hannu, kada ka biya sai an haɗa ta da intanet a gabanka, ka ga ta shiga dandalin kamfanin. Ka kuma karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'urar.