Ranar Tantance 'Yan Wasa: Sharhi a Kan Fim Ɗin Waiting for Guffman

A kowace ƙungiyar wasan kwaikwayo ta sa-kai, ranar tantance 'yan wasa ta fi ranar hawa dandamali tayar da hankali. Ranar wasa kowa ya san matsayinsa. Ranar tantancewa kuwa mutum zai tsaya gaban maƙwabtansa ya nuna musu abin da ya daɗe yana ɗaukar kansa a ɓoye, sannan ya jira hukunci. Wannan ranar ce ƙashin bayan Waiting for Guffman, fim ɗin barkwanci na Amurka na shekarar 1996, wanda Christopher Guest ya ba da umarninsa, ya kuma tsara labarinsa tare da Eugene Levy.

Labarin ya faru ne a Blaine, wani ƙirƙirarren ƙaramin gari a jihar Misuri, inda ake shirin bikin cika shekara 150 da kafuwa. Aka ɗora wa Corky St. Clair, wanda ya taɓa zama a New York yana neman sa'a a harkar dandamali, aikin shirya wasa mai waƙe-waƙe a kan tarihin garin. An ɗauki fim ɗin kamar rahoton gaskiya, mutane na fuskantar kyamara suna ba da labarin kansu, kuma yawancin maganganun 'yan wasan ne suka ƙirƙire su nan take a kan tsarin labarin da aka ba su.

Mu dubi waɗanda suka zo gwaji. Akwai Dokta Allan Pearl, likitan haƙori da ya yi imani an haife shi ne don ya ba mutane dariya. Akwai Ron da Sheila Albertson, mata da miji masu shagon shirya wa mutane tafiye-tafiye, alhali su kansu da ƙyar suka taɓa leƙa wajen garin. Akwai Libby Mae Brown, budurwa mai aiki a shagon Dairy Queen. Corky da malamin kiɗa Lloyd Miller na zaune bayan tebur, kowa na shigowa yana zuba abin da ya tanada.

Mai kallo zai yi dariya, domin babu gwani a cikinsu. Amma abin da ya ɗaga wannan fitowa sama da ba'a shi ne babu wanda ya san bai iya ba. Ron da Sheila sun shigo da kaya iri ɗaya, sun haddace kowane motsi, suna da tabbacin za a ɗauke su tun kafin su buɗe baki, don sun saba fitowa a wasannin Corky. Dokta Pearl kuwa sabon shiga ne, ya yi waƙarsa da dukkan zuciyarsa. Guest bai yanke hoton da wuri don ya cece su daga kunya ba, bai kuma sa wani ya yi musu tsaki ba. Ya bar kyamara a kansu har mun daina jiran kuskurensu, mun fara fatan su kai ƙarshe lafiya.

Za mu fi gane darajar wannan in muka ajiye shi kusa da A Chorus Line, wasan Broadway na 1975 wanda Michael Bennett ya shirya. Shi ma kacokan a kan tantancewa yake: masu rawa 17 a jere, gurbi 8 kacal. Can sana'a ake nema. Wanda aka sallama ya rasa kuɗin haya, amma ba lallai ya sake haɗuwa da daraktan ba. A Blaine ba a biyan kowa ko sisi, sai dai wanda aka ƙi ɗauka gobe zai zauna a kujerar likitan da aka ɗauka, ko ya sayar wa daraktan magani. Abin da ake rabawa a irin wannan ɗaki mutunci ne, kuma a ƙaramin gari mutunci ya fi albashi wuyar maidowa.

Shi ya sa a ganinmu tantancewar ba ta gano gwani, kuma fim ɗin ya san haka. Mu da muke rubuta manhajar kwamfuta mun san gwajin da aka riga aka san sakamakonsa: ana yin sa ne don a samu abin nunawa. Tsofaffin hannu sun samu gurbinsu kamar yadda kowa ya zata. Johnny Savage, matashin bakanike, Corky ne ya bi shi har gareji ya jawo shi, haka ma dattijon da ya zama mai ba da labari. Da Johnny ya janye dab da wasa, Corky ya haye rawar da kansa. Ashe teburin alƙalanci ado ne. Sanayya da buƙata da son ran darakta su suka raba rawa.

A nan ne kuma muke da ƙorafi. Fim ɗin ya yi wa waɗanda aka zaɓa adalci, ya bi su har gidajensu, amma waɗanda aka bari ya yi amfani da su kamar gishiri a miya. Mutumin da ya zo ya kwaikwayi wata fitowa daga fim ɗin Raging Bull ya ba mu dariya ya wuce, ba mu ga yadda ya ji da sunansa bai fito ba. Kusan Steve Stark kaɗai, ɗan majalisar gari mai shagon magani, aka bar mu muka ga kwaɗayin shiga wasan a fuskarsa, shi da ya ƙare a cikin 'yan kallo. Fim ɗin da ya fahimci cewa ƙin ɗaukar maƙwabci ciwo ne, ya kamata ya tsaya ko da minti biyu a kan mai ciwon.

Sai batun Guffman. Labari ya zo cewa wani Mort Guffman zai taso daga New York ya kalli wasan, daga nan zukata suka bar Blaine suka koma Broadway. Corky ya nemi majalisar gari ta ba shi dala 100,000, aka shaida masa kasafin shekara gaba ɗaya dala 15,000 ne. Daren wasa aka keɓe wa baƙon kujera, wani mutum ya zo ya zauna, 'yan wasa suka zage ƙarfinsu dominsa. Bayan an tashi aka gano ba shi ba ne. Dusar ƙanƙara ta hana Guffman tasowa. Sunan fim ɗin ma yana nuni ne ga wasan Samuel Beckett, Waiting for Godot, inda wanda ake jira bai taɓa zuwa ba. Wato wasan da aka shirya wa gari ya rikiɗe ya zama wata tantancewar, a gaban alƙalin da babu shi. Mutanen gari sun cika zaure, sun tafa da gaske, amma 'yan wasan sun koma bayan labule da baƙin ciki, don tafin gida bai ƙara isarsu ba.

Wannan darasi bai yi mana nisa ba. Finafinan Hausa daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na sa-kai suka tsiro. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ce ta fitar da Turmin Danya a 1990. Tun da dandamali ya zama hanyar shiga masana'anta, tambayar da fim ɗin Guest ya ɗaga ta zama tamu: matashin da ya zo gwaji a ƙungiyar unguwa, don mutanen unguwar yake wasa, ko don wani furodusa da yake fatan zai hango shi?

Muna ba da shawarar a kalli fim ɗin, musamman masu jagorancin ƙungiyoyi da malaman da ke raba rawa a makarantu. A yi dariya, don ya cancanta. Amma in an zo fitowar tantancewa, a ƙirga mutum nawa suka shigo ɗakin, a ƙirga nawa aka sake gani. Waɗanda suka ɓace a tsakani su ne aikin da ke jiran duk mai riƙe da takardar sunaye.