Wat Nawa Ne? Tambayar da Ke Rufe Idon Masu Sayen Injin Leza

A shekarar 1964 ne Kumar Patel, masanin kimiyya ɗan asalin Indiya da ke aiki a ɗakin bincike na Bell a Amurka, ya ƙirƙiro lezar da ke aiki da iskar CO2. An daɗe bayan haka injin yanka da hasken leza yana hannun manyan masana'antu kaɗai. Yau kuwa ya sauko kan teburin ɗaki. A 2015 kamfanin Glowforge na birnin Siyatil ya karɓi odar kusan dala miliyan 28 cikin kwana 30 a kan injin da bai ma shiga kasuwa ba tukuna, daga nan kamfanonin ƙasar Sin irin su xTool, Ortur, Atomstack da Sculpfun suka cika kasuwa da ƙananan injuna masu shuɗin haske. Da su ake zana suna a jikin allunan karramawa, da mariƙin makulli, da kayan rabon biki, kuma tuni suka iso shagunan masu rubutun allo da buga kati a biranenmu.

Da yawaitar injunan sai wani yayi ya kunno kai, wato gasar wat. Daga wat 5 aka koma 10, aka haura 20, har aka kai 40. Duk mai shirin saye da tambaya ɗaya yake zuwa: wat nawa ne? Ba kasafai ake jin wanda ya tambayi faɗin ɗigon hasken ba, ko yadda ake saita nisan kan injin da abin da za a zana. Alhali a nan ne aiki ke kyau ko ya lalace, kuma mai injin da bai iya wannan saiti ba ya yi asarar rabin kuɗinsa tun kafin ya kunna.

Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa ƙona takarda da gilashin ƙara girma a rana. Hasken ranar bai ƙaru ba. Tattara shi aka yi wuri guda har ya yi zafi. Haka gilashin da ke bakin injin leza yake yi: yana matse hasken ya yi tsini a wani nisa ƙayyadadde, daga nan ya sake bazuwa. A injin K40, wanda shi ne aka fi sani cikin masu arha na CO2, wannan nisa inci biyu ne, wato milimita 50.8 daga gilashin. A daidai tsinin, faɗin ɗigon bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita ba.

Lissafin da masu talla ba sa son kawowa shi ne wannan. Idan kuskuren saiti ya sa faɗin ɗigon ya ninka, daga milimita 0.1 zuwa 0.2, filin da hasken ya sauka a kai ya ninka sau huɗu, zafin da ke kan kowane gurbi kuma ya koma rubu'i. Ke nan injin wat 20 da aka saita a karkace yana cin katako da zafin da injin wat 5 mai kyakkyawan saiti ke bayarwa a kowane gurbi, sai dai shi tabonsa ya fi faɗi, ƙunarsa ta fi muni. Tazarar da hasken ke zama a matse kuwa gajera ce ƙwarai, milimita ɗaya ko biyu a gilashin inci biyu. Katakon da ya ɗan bankare saboda damina ya isa ya fitar da aiki daga cikinta.

Akwai kuma abin da ke ɓoye a cikin adadin wat ɗin kansa. Ƙwayar dayod guda mai shuɗin haske ba ta wuce wat 5 zuwa 6. Don a kai 10 sai a haɗa biyu, 20 huɗu, 40 takwas, a bi da haskensu ta madubai su haɗu wuri guda. Yawanci ƙaruwar ƙwayoyin na zuwa da ƙaruwar faɗin ɗigo, shi ya sa ƙaramin inji kan fi babba fitar da hoton fuska ko siririn rubutu. Wasu 'yan kasuwar ma wutar da injin ke sha suke rubutawa a kwali a maimakon ƙarfin hasken da ke fita, sai mutum ya sayi wat 40 ya tarar da 5 a baki.

Masu ƙera injunan sun san saiti na ba mutane wahala, sun kuma yi ƙoƙarin sauƙaƙa shi. Na farko-farko da hannu ake murza gilashin, mutum na leƙen ɗigon har ya ƙanƙance. Daga baya aka daina murzawa: Sculpfun S9 na zuwa da ɗan guntun ƙarfe da ake sawa a ƙarƙashin kan injin a matsayin ma'auni, xTool D1 kuma na da ɗan sanda da ake saukewa ya taɓa katako sannan a ɗaure. Masu tsada irin Glowforge da kansu suke auna nisan. Wannan ci gaba ne, babu mai musu. Matsalar ita ce ya sa mutane da yawa sun ɗauka an gama magana.

Ba a gama ba. Ma'aunin da ya zo a kwali nisan da masana'anta ta tsara ne, ba lalle ya zama nisan wannan gilashi da ke wannan inji ba, musamman idan an taɓa kwance shi ko an canza shi. Na'urar auna nisa kuma wuri ɗaya take taɓawa. Ba ta san cewa ɗaya gefen falankin ya ɗaga ba, ba ta san ko zane ake so ko yanka ba.

Gwajin da ke warware wannan ba ya cin ko sisi, kuma ba ya wuce minti goma. A samo guntun katako miƙaƙƙe, a ɗora gefe ɗaya a kan wani abu ya zama gangara. A sa injin ya ja layi ɗaya tun daga ƙasan gangarar har samanta, da ƙarfi kaɗan. Layin zai fara da kauri, ya sirance, ya sake yin kauri. Inda ya fi siranta nan ne tsinin hasken. Ba tare da motsa katakon ba, a mayar da kan injin daidai wurin, a auna tazarar da ke tsakanin bakinsa da katakon, a yanko ɗan guntu mai wannan tsayi a rataye shi kusa da inji. Manhajar LightBurn na da nata gwajin ga injunan da ke iya ɗaga kai da sauke shi da kansu, amma gangarar katako na aiki a kowane inji.

Wanda ya san inda tsinin yake shi ne ke iya sarrafa shi. A wajen zane, a saman abu ake ɗora shi. A wajen yanka katako mai kauri, ƙwararru kan nutsar da shi zuwa wajen tsakiyar kaurin: idan falankin milimita 6 ne, a sauke kan injin kamar milimita 3, sai gefen yankan ya miƙe, a kuma rage yawan zagayen da ke baƙanta shi. Wani lokacin ma da gangan ake ɗaga kan don layi ya yi kauri ya yi duhu a zagaye ɗaya. Masu injin CO2 har gilashi suke canzawa, mai inci ɗaya da rabi don zane mai laushi, mai inci huɗu don yanka abu mai kauri, saboda shi haskensa ya fi daɗewa a matse. Babu maɓallin da zai yanke wa mutum waɗannan shawarwari.

Kayan aikin da ke hannun masu sana'a a ƙasar Hausa sun ƙara wa batun nauyi. Fatar da majema suka jeme da bagaruwa tana karɓar zanen leza da kyau, kuma ta fi wadda aka jeme da sinadarin kurom aminci wajen hayaƙi, amma ba ta kwanciya shafal sai an danne ta ko an manne gefunanta. Ƙwarya ta fi wuya: bayanta a lanƙwashe yake, zanen da ya fito tsaf a tsakiya sai ya dushe yana dosar gefe, dole a rarraba aikin ƙanana-ƙanana ana sake saiti. Ga kuma ƙurar hunturu da hayaƙin katako da ke taruwa a kan gilashin. Gilashi mai datti yana warwatsa haske, yana ɗaukar zafi har ya tsage, mai shi kuwa na can yana zargin ƙarancin wat. Auduga mai tsabta da ɗigon sinadarin isofurofil sun isa a goge shi. A K40, in an cire gilashin an goge, gefen da ya yi tudu ne ke kallon sama. Juya shi kuskure ne da ke ɓata saiti baki ɗaya.

Ba a ce ƙarfi ba shi da amfani ba. Mai yankan katako mai kauri kullum yana bukatarsa, kuma shuɗin haske ko wat nawa ne ba ya yanka robar akirilik mai garau, sai CO2. Haka nan lokacin saiti ne ido ya fi kusantar hasken, don haka tabarau na musamman da ya dace da nau'in lezar wajibi ne, tabarau na rana ba ya kare komai. Robar PVC kuwa ba a sa ta a inji sam, domin hayaƙinta guba ne ga huhu, yana kuma cinye ƙarfe.

Masu shigo da waɗannan injuna su riƙa faɗa wa mai saye ainihin ƙarfin hasken da faɗin ɗigonsa, su nuna masa gwajin gangara kafin ya bar shago. Mai inji kuma da ke shirin sayen babba saboda nasa ya daina yanka, ya fara goge gilashi, ya danne katakonsa ya kwanta, ya sake auna nisan kafin ya taɓa aljihu.