Sunan Wa Ke Kan Azurfa?

Tun da Alphadi ya kafa bikin FIMA a Tigidit, cikin jihar Agadas, a shekarar 1998, ado ya zama sana'ar da ake yi da suna a Nijar. SAFEM kuwa, baje kolin sana'o'in mata da aka soma a Yamai a 2000, ya ba mata dandali. Irin wannan fage ne ya haifi macen da ke zana ƴan kunne da abin wuya, ta kai wa maƙeri ya ƙera, sa'an nan ta buɗe kanti ta liƙa sunanta a ƙofa. Ƙira gadon maza ce, saboda haka shigarta wannan harka abin yabo ne. Amma yabo ba ya hana bincike.

A da, azurfar ƙasar nan ba ta ɗaukar sunan mutum. Abin wuyan da Buzaye ke kira teneghelt, Faransawa suka laƙaba masa croix d'Agadez, yana cikin jerin guda 21 da akasarinsu ke amsa sunayen garuruwa, kamar Damagaram da Tawa da Ingal. Maƙeri yakan siffanta shi da kakin zuma, ya lulluɓe da yumɓu, ya gasa har kakin ya tsiyaye, ya zuba narkakkiyar azurfa a gurbinsa, ya fasa yumɓun, ya bi da magagari. Da yake kowane zubi sai an fasa mazubinsa, babu biyu da ke zama ɗaya. Idan mai kanti ta ɗan sauya wannan siffa ta buga tambarinta ita kaɗai, an koma gidan jiya: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Tambaya ta biyu ita ce wa ake ƙera wa. Kasuwar da ta jingina da baƙi masu yawon buɗe ido ta nuna rauninta lokacin tawayen 2007, da kuma bayan sace ma'aikata a Arlit a 2010, sa'ad da baƙin suka ɗauke ƙafa daga Agadas, maƙera suka rasa masu saye. Alhali kuwa akwai wata kasuwa a gida. A Bune, tsohuwar cibiyar sarautar Muniyo cikin ƙasar Gure, da ƙauyukan Manga da ke kewaye, munduwa da zoben azurfa ajiya ce ta mace, wadda takan sayar ranar da rumbu ya ƙare. Kayan ruwan zinariya da ake shigo da su daga waje sun fi araha, amma idan sun koɗe ba su da mai saye. Amaryar da aka haɗa wa lefe da su ta sami ƙyalli, ta rasa jari.

Nan ne za a auna mai kanti. Ta faɗi nauyin azurfa da ingancinta, ta ambaci maƙerin tare da sunanta, ta biya shi ladan fasaharsa, ta kuma zana abin da matar Bune za ta iya saye. Ƙungiyoyin raya al'adu suna da nasu aiki: su rubuta sunayen siffofi da na maƙeran yankinsu tun dattawan suna da rai. Malamai kuma su kai ɗalibai maƙera, su ga yadda kaki ke zama azurfa.