Faifan Ɗanɗano: Tsokaci a Kan Waƙoƙin da Kamfanoni ke Tattarawa

Hausawa na cewa da ganin kura an san ta ci akuya, amma mai sayen goro sai ya ɓara ya ɗanɗana. Wannan dabara ta ɗanɗano ita ce ƙananan kamfanonin faifai suka ɗauka. Sukan tsinto waƙa ɗaya ɗaya daga mawaƙansu su zuba a faifai guda, domin mai saurare ya ji, in ta yi masa ya nemi sauran. Manufar wannan ɗan sharhi ita ce a auna amfanin irin wannan faifai da kuma illarsa gare mu.

A Amurka, kiɗan rok na matasan da suka kauce wa manyan kamfanoni ya bunƙasa ta wannan hanya. A 1988 kamfanin Sub Pop na birnin Siyatul ya fitar da Sub Pop 200 mai waƙoƙi 20, ciki har da ta Nirvana, waɗanda ba su cika duniya ba sai a 1991. Wato mai zaɓen waƙoƙin ya riga kasuwa ji.

Abin ya iso ƙasashenmu ta hannun Sahel Sounds na Christopher Kirkley. A 2011 ya fitar da Music from Saharan Cellphones, waƙoƙin da ya kwaso daga wayoyin jama'a a Kidal ta ƙasar Mali. A ciki akwai "Tahoultine" ta Mdou Moctar, Buzu ɗan Nijar mai kaɗa jita, wanda ya ɗauki kundinsa Anar a Sakkwato a 2008 da irin na'urar gyaran murya ta mawaƙan finafinanmu. Waƙa guda ta buɗe masa ƙofa, har kamfanin Matador na Amurka ya buga masa Afrique Victime a 2021. A 2013 kuma Sahel Sounds ya fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa, inda aka ji muryar Fati Nijar.

Alherin wannan aiki a fili yake. An nemo mawaƙan, an rubuta sunayensu, an ware musu kaso daga ciniki. Mai karatu ya kwatanta wannan da abin da ke gudana a rumfunan masu tura waƙa a waya, a Dawaki ko a babbar kasuwar Gombe. A can ma tattarawa ake yi, domin mai rumfa ne ke zaɓar abin da zai cika katin waya da shi. Sai dai sau da yawa sunan mawaƙi kan ɓace, kuma ko sisi ba ya isa aljihunsa.

To amma akwai inda gizo ke saƙar. Duk mai tattarawa matarki ne, ko da bai rubuta kalma ɗaya ba, gama abin da ya ɗauka ya yabe shi, abin da ya bari kuwa ya binne shi. An tallata Harafin So ga Turawa a matsayin kiɗan da ya samo asali daga finafinan Indiya. Akwai gaskiya a ciki, amma rabinta ce. Kunnen baƙo yakan tsaya ga amo da sarrafa murya, alhali kuwa ƙarfin waƙar Bahaushe yana cikin magana: jigo, da habaici, da kirari, da amsa-amo, da sa-in-sa tsakanin saurayi da budurwa. Wanda bai ji Hausa ba ya sha romo ne ya bar nama. Haka kuma waƙa guda ba ta isa mizanin auna mawaƙi ba, balle a auna al'umma da ita.

A nawa ganin, laifin ba na baƙon ba ne, domin ya zaɓi abin da kunnensa ya iya kamawa. Giɓin yana wajenmu, mu ɗaliban adabi. Mun daɗe muna tattara rubutattun waƙoƙi a littafi, muna yi musu sharhi, amma mun bar waƙoƙin situdiyo a hannun 'yan kasuwa. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'inmu su fara shirya nasu tarin, tare da matanin kowace waƙa, da sunan mawaƙi, da shekarar ɗauka, da yardarsa a rubuce. Idan ba mu zaɓa da kanmu ba, nan da shekara 30 jikokinmu za su san waƙar zamaninmu ne ta bakin wanda bai ji abin da take faɗa ba.