Tukunya nawa ce a gida ɗaya? Sharhi kan binciken itacen girki a Nijar

Tun bayan farin 1973 da 1974 maganar itacen girki ta shiga takardun masu tsara tattalin arzikin ƙasashen Sahel, kuma an yi rubutu mai yawa game da Nijar. A cikin wannan ɗan sharhi ba za mu bi rubuce-rubucen ɗaya bayan ɗaya ba. Abin da muke son dubawa shi ne ma'aunin da aka yi aiki da shi wajen gano yawan itacen da jama'a ke ƙonawa, da irin matakan da aka gina bisa wannan ma'auni.

1. Lissafin giɓi

A shekara ta 1975 Erik Eckholm ya ja hankalin duniya ga ƙarancin itace a ƙasashe matalauta. Daga nan wata hanyar lissafi ta yaɗu: a ɗauki yawan jama'a, a ninka shi da abin da mutum guda ke ƙonawa a shekara, sannan a gwada da abin da daji ke tohowa. In cin ya fi tohon yawa, sai a ce akwai giɓi, har a yanke shekarar da dajin zai ƙare. Gerald Leach da Robin Mearns sun nuna raunin wannan lissafi tun 1988, kuma ƙasar Maraɗi ta ba su gaskiya. Lissafin ya ƙirga itatuwan daji, ya manta da na gona. A daidai lokacin da ake hasashen ƙarewar itace, manoman jihar Maraɗi sun fara barin tohon sabara da kalgo da gawo cikin gonakinsu suna yi musu aski, abin da ake kira sassaben zamani, wanda Tony Rinaudo ya taimaka wajen yaɗawa daga 1983. Hotunan tauraron ɗan Adam da aka nazarta bayan shekara ta 2000 sun nuna wajen hekta miliyan 5 na gonaki da itatuwa suka dawo, akasari a Maraɗi da Damagaram. Ba mu ce matsalar itace babu ita ba. Duk wanda ya san kewayen Yamai ya san yadda aka aske tuddansa. Mun ce dai lissafin bai hango manomi ba.

2. Ménage da gida

Nan ne muke ganin babban aibin. Ƙidayar jama'a ta 1977, ta 1988, ta 2001 da ta 2012, da binciken da suka jingina da su, duk sun tsaya kan abin da Faransanci ke kira ménage: mutanen da ke zaune wuri guda, suna ci tare, suna ƙarƙashin shugaba guda. Mai bincike ya zo da sikeli, ya auna itacen da aka ƙona cikin ƴan kwanaki, ya raba da yawan bakunan da maigida ya lissafa masa. Tambayar ita ce: wane abu ne a ƙasar Hausa ya yi daidai da wannan kalma?

Gida ba shi ba ne, domin gida ɗaya na iya ɗaukar uba da ƴaƴansa magidanta, wasu suna cikin gandu, wasu sun ware. Ayyukan Guy Nicolas da na Claude Raynaut a kan ƙauyukan Maraɗi sun daɗe da bayyana cewa dukiyar miji daban, ta mata daban: akwai gandu, akwai gamana, kuma kowa ya san rumbunsa. Tukunya ma ba ita ba ce kai tsaye. A gidan mai mata biyu tuwon dare na bin kwana, amma wadda ba ta da girki ba ta kashe murhunta: za ta dafa furarta, ta ɗumama wa ƴaƴanta, ta dafa ruwan wanka in tana jego. Mai jego kaɗai, cikin kwanaki arba'in, tana cin itacen da zai rikita duk wani matsakaicin lissafi, kuma ba mu ga dalilin da zai sa a ɗauke ta a matsayin tsautsayi ba a ƙasar da haihuwa ke da yawa kamar Nijar.

Sai kuma sana'a. A birnin Maraɗi ko Damagaram, mace mai ƙosai, mai waina, mai ƙuli-ƙuli ko mai tuwon saidawa a cikin gida take aikinta, yara ke fita da talla. Itacen da ta ƙona jarinta ne, da kuɗinta ta saya. In aka zuba shi cikin cin gida, an kumbura rabon kowane mutum. In maigida ne aka tambaya, shi kuma abin da ya bayar na cefane kawai ya sani, sai a rage. Kuskuren na tafiya ta ɓangarori biyu, kuma ba wanda zai rantse cewa suna share juna. A wani gefen, gidan da ke sayen abincin rana a waje zai fito a takarda kamar mai tattali, alhali a murhun maƙwabciya aka ƙona itacensa. Ga kuma karan hatsi, da kashin shanu, da kaba, waɗanda matan karkara ke komawa gare su in itace ya yi wuya. Ba a sayensu a kasuwa, saboda haka sukan faɗi daga lissafi, ko da yake kowane kara da aka ƙona an hana wa gona ko dabba shi ne.

3. Abin da aka gina a kai

Shirin Energie II, da ya soma a 1989 da kuɗin ƙasar Danmak ta hannun Bankin Duniya, ya kama matsalar ta hannu biyu. Ta hannun daji ya yi abin yabo. Dokar 92-037 ta watan Agusta 1992 ta kafa kasuwannin itace na karkara, ta ba mazauna ƙauye ikon sara da sayarwa, ta bambanta haraji tsakanin dajin da ake kula da shi da wanda ake sara barkatai, ta kuma bar wa ƙauye kaso daga harajin. Kafin nan mai mota daga birni ke zuwa da takardar izini da masu saransa, ƴan gari suna kallo. A nan masu binciken sun tambayi wa ke sara, wa ke ɗauka, wa ke cin riba, shi ya sa amsar ta yi amfani.

Ta hannun murhu kuwa ba a yi irin wannan tambaya da zurfi ba. Murhun ƙarfe Mai Sauƙi yana rage itace in an gwada shi da tukunyar da ta dace da bakinsa. Amma wa zai saya? Miji da ke ba da kuɗin itace, ko matar da hayaƙi ke shiga idonta? In ta yi tattali, rarar ta wace ce? Kuma tukunyar tuwon mutum goma sha biyar tana son mazaunin da zai jure tuƙi, abin da duwatsu uku ke yi ba tare da ko dala ba. Rishon kananzir da aka so ya maye gurbin itace a birni ya gamu da karyewar darajar sefa ta watan Janairu 1994, wadda ta tsadar da kayan da ake shigowa da su.

Bayan buɗe matatar mai ta SORAZ a Damagaram a 2011, iskar gas ta yawaita a birane, kuma tsohuwar tambayar ta dawo da sabuwar riga. Takardar tambayoyi kan nemi a faɗi babban makamashin girki na ménage, amsa guda. Gidan da ke dafa shayi da miya da gas, ya tuƙa tuwo da itace, ya gasa nama da gawayi, dole ya zaɓi akwati ɗaya. Muna ba ɗalibanmu masu shirin fita bincike shawara su fara da ƙirga murahun da ke cikin gida, su tambayi kowace mace a ɗakinta wa ya sayi itacen jiya, da me aka dafa da shi, da ko an ci ne ko an sayar, su kuma koma gidan sau biyu aƙalla, da ɗari da kuma damina.