Aron Rawani: Sharhi a Kan Makaɗan da Ke Kwaikwayon Sarauta Don Ba'a

1.0 Gabatarwa

Manazarta waƙoƙin baka sun daɗe da kasa makaɗan Hausa gida-gida, wato na fada, da na jama'a, da na sana'a, da na maza, da na ban dariya. Amma in aka duba abin da aka rubuta, sai a tarar makaɗan fada sun kwashe kaso mai tsoka, na ban dariya kuwa akan ambace su ne a layi biyu a wuce. A wannan takarda za mu tsaya a kan waɗanda ke aron rawani da alkyabba domin yi wa manya ba'a, mu auna ko ba'ar tasu tana da nauyin da ake zato.

2.0 Misali Daga Waje

A birnin Boston na Amurka an yi wata ƙungiyar kiɗan rok mai suna The Upper Crust, ma'ana manyan gari, wadda ta fitar da faifanta na farko a 1995. Makaɗan sukan fito da shiga irin ta sarakan Turai na ƙarni na 18, da farin gashin aro da hoda a fuska, kowa da sarautar da ya naɗa wa kansa, suna waƙe wahalar da mai dukiya ke sha a hannun barorinsa. Ɗaya daga cikinsu, Ted Widmer, daga baya ya zama mai rubuta wa Shugaba Clinton jawabai. Dabararsu ita ce su bar kiɗan talakawa yadda yake, su ɗora masa bakin masu mulki.

3.0 'Yan Kama da Kalankuwa

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, illa dai namu sun biyo ta ta baya. Ɗan kama, kamar yadda C. G. B. Gidley ya nuna a nazarinsa na 1967, yakan yi shigar malami ko babban mutum, ya ɗauki karin sananniyar waƙa, ya zubar da kalmominta, ya cusa tuwo da miya da fura a gurbinsu. Wato shi kiɗan manya yake bari yadda yake, ya ɗora masa bakin mayunwaci. A wasan kalankuwa kuma, wanda samari ke yi bayan kaka a ƙauyukan Zazzau irin su Bomo da ke dab da Samaru, akan naɗa Sarki da Waziri da Alƙali da 'yan doka, a yi zaman fada da shari'a ana kiɗa ana shewa.

A ganinmu, ƙarfin wannan fasaha ba ya cikin zambo, domin ɗan kama ba ya zagin kowa. Ƙarfinta yana cikin tonon asirin roƙo. M. G. Smith, a maƙalarsa ta 1957 da ya gina a kan bincikensa na ƙasar Zazzau, ya bayyana cewa yabon maroƙi musaya ce: a ba da suna, a karɓi kyauta. To, idan ɗan kama ya yi wa malmalar tuwo kirarin da ya kamaci sadauki, ya faɗi abin da makaɗin fada ba zai iya faɗa ba ke nan, cewa a ƙarƙashin kowane yabo akwai ciki. Dariyar da 'yan kallo ke yi ta gane gaskiya ce.

4.0 Inda Gizo Ke Saƙa

Duk da haka, akwai rauni iri biyu da bai kamata mu kau da kai daga gare su ba. Na farko, fasahar ba ta tsayawa da ƙafarta. Wanda bai san waƙoƙin Narambaɗa ko na Ɗanƙwairo ba, in ya ji an juya karin waƙar fada, jerin sunayen abinci kawai zai ji. Na biyu, ba'ar tana da iyaka. Sarkin kalankuwa yakan tuɓe rawaninsa da ƙarewar biki, ya koma ya faɗi gaban dagaci ya yi gaisuwa. Saboda haka muna iya cewa wasan yana sauke haushi ne, ba ya girgiza gadon sarauta.

Sai dai a nan ne namu suka ɗara na Boston. A Amurka babu sarkin da zai ji haushi, don haka gashin aronsu ado ne kurum. Ɗan kama kuwa, a zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, yana wasansa ne a garin da sarki ke da alƙali da dogarai. Wannan ne ya tilasta masa ƙwarewa a habaici, kuma nan ne gwanintarsa take.

5.0 Kammalawa

A wurare irin su Dogarawa, gidaje sun ci gonaki, kuma bikin kaka ba ya rayuwa inda babu kaka. Muna kira ga ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello, waɗanda abin ke bakin ƙofarsu, da su nemi dattawan da suka taɓa ɗaura rawanin aro, su naɗi muryoyinsu tare da asalin waƙoƙin da suke juyawa, domin ɗaya ba ta fahimtuwa sai da ɗayar.