Kunya a Mizanin Manazarta: Tsokaci Kan Mutumin Kirki da Labarin Baba

A shekarar 1974 aka buga laccar da A. H. M. Kirk-Greene ya gabatar a Jami'ar Indiyana ta Amurka a kan mutumin kirki, inda ya zayyana halaye 10 da Bahaushe ke auna mutum da su, ciki har da gaskiya da amana da kunya. Ɗalibai sun haddace jerin nan kamar karatun allo. To amma a ganinmu aikin yana da rauni guda, wato ya ɗauki kunya tamkar kaya a cikin jakar mutum ɗaya, alhali kuwa kunya magana ce tsakanin mutum biyu. Uwar da ta ƙi ambatar sunan ɗanta na fari, da angon da ya kauce wa hanyar surukarsa, saƙo suke isarwa, kuma wanda aka yi domin shi yana fahimta.

Ta wannan fuska littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin tsohuwar a 1949 zuwa 1950, aka buga a 1954, ya fi zurfi. Baba ba ta fassara kunya ba. Ta dai nuna wa ake jin nauyi, wa ake yi wa wasa, da yadda ƙawaye ke ƙulla zumunci da musayar kyauta. Har ta kawo labarin mahara da suka kama danginta aka fanshe su, abin da mai karatu a Faskari ko Sabuwa ba ya bukatar a yi masa sharhinsa a yau.

Nan ne gibin yake. A Disamba 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A 2021 kuma aka datse layukan waya a waɗannan ƙananan hukumomi, aka rufe kasuwannin dabbobi, inda Bahaushe da Bafulatani suka saba gaisawa da cinikin amana. Ma'aunin Kirk-Greene zai iya cewa amana ta yi ƙaranci, amma ba zai nuna yadda gaisuwa ta gajarce ba, ko yadda maƙwabci ya koma sassauta murya don tsoron ɗan rahoto. Wannan sai hanyar Mary Smith: a zauna da tsofaffin matan Sabuwa, wadda ke iyaka da Giwa inda aka ɗauki wani sashe na labarin Baba, a saurare su watanni.